An yi mana tayin ɗan kwikwiyo, ga ƙananan yara a gida: mu karɓa?

"Likita, barka da aiki. Karyar wani abokin maigidana ta haihu, ya ce zai ba mu ɗaya daga cikin 'ya'yan, yanzu satinsu biyar. Yarana uku ne: babban shekararsa tara, mai bi masa shida, sai 'yar auta mai shekara biyu. Manyan biyun sun hana ni sakat, babban har ya yi alkawarin shi zai riƙa yin komai. Ni ban taɓa kiwon kare ba, tsoro nake ji kada ya ciji ƙaramar ko ya sa musu wata cuta. Mu karɓa? In mun karɓa, me ya kamata mu yi?"

Malama, na gode da wannan tambaya. Abin da na tsinta a ciki shi ne kina son faranta wa yaran, amma hankalinki na kan 'yar autar nan da in ta miƙe tsaye fuskarta daidai take da bakin kare. Tsoron naki yana kan hanya, kuma gara da kika tambaya tun kwikwiyon bai shigo gida ba. Yawancin masu zuwa wurina a asibitin dabbobi sai ta ɓaci suke zuwa, ko dai kwikwiyo na amai da gudawar jini, ko kuma an riga an yi cizon.

Bari in fara da alkawarin babban yaron, don a nan iyaye da yawa ke zurmawa. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, ƙananan jinsi har su kai 15. Ke nan ranar da kwikwiyon nan zai tsufa yaronki ya haura ashirin, wataƙila ma ba ya gidan. Ba ƙarya yake miki ba, har zuciyarsa yake nufi. Amma ɗokin yaro bai cika wuce sati biyu ko uku ba. Ranar da ya kwashe kashin kare kwana uku a jere da sassafe, ga makaranta na jiransa, za ki fara jin "ai jiya ma ni na yi". Aikin zai dawo kan wanda ya fi zama a gida, kuma ina kyautata zaton ke ce. Saboda haka ku zauna ke da maigidan ku tambayi kanku ko ku biyun kuna son kare, za ku iya ciyar da shi, ku kai shi allura, ku fita da shi kullum, ku nemo mai kula da shi in tafiya ta taso. In ba za ku iya ba, ku yi wa mai kyautar godiya ku bar masa abinsa. Kukan yara na kwana biyu ya fi sauƙi a kan kare ɗaure a bayan gida shekara goma ba mai kallonsa. In kuwa za ku iya, yaro ɗan shekara tara zai iya zuba ruwa, ya auna abinci, ya taje masa gashi, ya koya masa "zauna", amma a matsayin mai taimaka muku.

Sati biyar ya yi wuri

Ko kun yanke shawarar karɓa, kada ku ɗauko shi yanzu. Ku roƙi mai karyar ya bar shi wurin uwarsa har ya cika sati 8. Mutane na ganin da zarar kwikwiyo ya fara lasar abinci a kwano shi ke nan ya isa yaye, alhali akwai karatun da yake yi a makonnin nan wanda ba ya samuwa a wani wuri. In kika tsaya kika kalli 'yan kwikwiyo suna kokawa, za ki ga ɗaya ya kama kunnen ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya ƙwalla ƙara ya tashi ya bar masa wurin, wasa ya watse. Haka za su yi ta yi wuni guda, har ya gane cewa in yana son wasa ya ɗore dole ya sassauta haƙoransa. Uwar ma tana tsawatar masa in ya wuce gona da iri. Wanda aka raba da su tun sati 4 ko 5 bai gama wannan karatun ba, a hannun yaranki zai ƙarasa shi.

Kafin lokacin, ki je da kanki ki ga uwar. In ta zo ta shinshina ki jikinta a sake, alama ce mai kyau. In tana maƙewa a lungu tana rawar jiki, ko tana zaburowa da haushi ba ta sassauci ko da mai ita na tsaye, ki yi tunani sosai, don tsoro a wajen kare ana gadonsa kuma ana koyonsa daga uwa. Cikin 'ya'yan kada tausayi ya sa ki ɗauki wanda ke ɓuya shi kaɗai, kada kuma burgewa ta sa ki ɗauki mai danne kowa. Na tsakiya ya fi dacewa da gida mai yara. Ki duba idonsa babu kwantsa, hancinsa babu majina, ƙarƙashin wutsiyarsa babu alamar gudawa, cikinsa bai kumbura kamar ganga ba. Ki ɗaga leɓensa ki ga dasashin da ɗan ja-ja, ba fari fat ba.

Ba ki faɗi jinsinsa ba. Jinsi yana nuna miki girman da zai yi da yawan gudun da yake bukata, amma ba ya ba ki tabbacin hali. German Shepherd ko Rottweiler yakan kai kilo 30 zuwa 50, da murna kaɗai zai iya ture yarinya mai shekara biyu. Masu gajeren hanci irin su Bulldog da Pug kuma numfashi na yi musu wuya, musamman lokacin zafi. Karen da ba shi da wani sunan jinsi ba ya gaza su da komai wajen zama da iyali.

Cututtukan da ya kamata ki sani

Wadda ta fi kowacce haɗari ga mutane ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Abin takaicin shi ne rigakafinta ya daɗe a duniya: tun 1885 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 9, sa'an babban ɗanki, allurar da masanin kimiyya Louis Pasteur ya haɗa a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, ya kuma rayu. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana da sati 12, a maimaita bayan shekara, daga nan duk shekara ko duk shekara 3, gwargwadon irin allurar da dokar inda kike. Ki adana katin kamar yadda kike adana na yara. In kare ya ciji wani, ko naku ne ko na waje, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, don minti 15 ya fi tsawo yadda mutum ke zato in yaro na kuka. Sannan a tafi asibiti a ranar. Karen a killace shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a zauna jiran kwanakin kafin a ga likita. Ki kuma ja wa yaran kunne cewa duk karen waje da ya cije su ko ya yakushe su, ko yaya ƙanƙantar wurin, su faɗa miki, ba za ki yi musu faɗa ba. Yara na ɓoye irin wannan don tsoron duka, kuma cutar takan yi wata 2 ko 3 a jiki shiru kafin ta nuna kanta.

Shi kuwa kwikwiyon, babbar abokiyar gabarsa ita ce cutar fabo, wadda ta bazu a duniya tun 1978. Ba ta kama mutane, amma ita ta fi kashe 'yan kwikwiyo a hannuna. Tana cinye bangon hanji, sai amai da gudawar jini mai wani irin ƙarni da wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa, cikin kwana biyu ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayar tana rayuwa watanni a ƙasa, a tafin takalmi ma ana shigo da ita gida, sabulu ba ya kashe ta sai bilic, murfi 1 a murfin ruwa 30. Rigakafinta yana zuwa ne a haɗe da na wasu cututtuka biyu, mai sa majina da farfaɗiya da kuma mai kama hanta. Ana farawa a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Mutane da yawa suna yin allura ɗaya su ce sun gama, sai su ga ana neman cin kuɗinsu ne in an ce su dawo. Dalilin maimaitawar shi ne kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa, kariyar nan kuma tana hana allura kamawa har sai ta gushe, kuma lokacin gushewarta ya bambanta daga kwikwiyo zuwa kwikwiyo. Ta sati 16 ɗin nan ita ce ke rufe ƙofar.

Tsutsar ciki ita ce ta shafi 'yar autarki kai tsaye, don shekarunta na sa hannu a ƙasa a kai baki ne. Yawancin 'yan kwikwiyo da ita ake haihuwarsu, suna samu tun a mahaifa da kuma ta nono. Ƙwanta na fita a kashi, in yaro ya haɗiya tsutsar na iya yawo zuwa hanta, a wasu lokuta ƙalilan har ido. Sai dai ƙwan ba ya iya kama mutum ranar da ya fito, sai ya yi sati 2 zuwa 4 a ƙasa. Wanda ke kwashe kashi kullum ya yanke mata hanya ke nan. A ba shi maganin tsutsa duk sati 2 har ya kai sati 12, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3, yara kuma su wanke hannu bayan wasa da shi. Kaska takan ɓuya a kunne da tsakanin yatsu, tana kawo masa zazzaɓi da ƙarancin jini. Ki nemi maganinta na karnuka wurin likita. Kada wani ya ba ki shawarar fesa masa maganin ƙwarin gona, na sha karɓar kwikwiyo yana karkarwa yana dalalar da miyau saboda haka. In kuma kika ga gashi ya zube a wani wuri zagaye kamar kwabo, makero ne mai yiwuwa, kuma yana kama yara.

Maganar cizo

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne zuciyar tambayarki. Ƙananan yara galibi karen da suka sani ne ke cizonsu, a cikin gida, a fuska ko a kai, sau da yawa ma da babba a kusa. Iyayen kan ce min "haka kawai ya cije shi, bai taɓa yi ba". In muka zauna muka bi labarin tiryan-tiryan, kusan kullum sai mu tarar karen ya daɗe yana magana ba a ji.

Kare ba ya fara da haƙori. In abu ya dame shi zai fara lasar leɓe ko hamma alhali ba barci yake ji ba. Zai kau da kai gefe har ki ga farin idonsa, ya kwantar da kunnuwa baya. In yana da hanya zai tashi ya bar wurin. In an bi shi, sai jikinsa ya sandare, bakinsa ya rufe gam, sannan gurnani, sannan ya kai cafka a iska. Cizo shi ne na ƙarshe. Yaro mai shekara biyu ba ya karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce: wutsiya a miƙe sama tana kaɗawa da sauri jiki a ƙame, gargaɗi ne.

Akwai wani kare da aka taɓa kawo min, mai shi na cewa a kashe shi kawai. Ya ciji ɗansa mai rarrafe a kumatu, har da ɗinki. Da na tambaya ko yana gurnani, sai mutumin ya ce da can yana yi in yaron ya matso kwanonsa, amma ya yi maganin abin, duk lokacin da ya yi sai ya zabga masa bulala har ya daina. Ya faɗa ne yana ganin ya yi tarbiyya. Abin da karen ya koya shi ne gurnani na jawo duka, amma tsoron a ƙwace masa abinci yana nan inda yake. Ranar da yaron ya rarrafo ya dafa kwanon, sai ya tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Don haka in karenki ya yi gurnani, ki janye yaron a natse, sannan ki zauna ki gano abin da ya tsorata shi. In abin sabo ne a halinsa a duba lafiyarsa, don ciwon kunne ko na haƙori na sa kare mai haƙuri ya zama mafaɗaci.

Doka ɗaya ba na sassauci a kanta: ba a barin 'yar shekara biyu da kare su kaɗai, ko da na ɗan leƙa tukunya ne, ko da karen ya shekara biyar bai taɓa yin komai ba. In za ki tashi, ki ɗauke ta ko ki rufe ƙofa tsakaninsu. Sa ido kuma yana nufin ido a kansu, ba a kan waya ba. Karen ya samu wurinsa na kansa, keji mai faɗi ko wani lungu da shimfiɗa, inda in ya shiga ba mai binsa. Manyan yaran su san ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a hawansa kamar doki, ba a rungumar wuyansa ko a kai fuska kusa da tasa. Runguma ƙauna ce a wurinmu, a wurin yawancin karnuka kuwa kamu ne. In ya yi zumuɗi yana tsalle a kansu, su tsaya cak kamar bishiya su naɗe hannu, don gudu da ihu su ke ƙara zuga shi.

Watanni huɗun farko

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14, duk abin da kwikwiyo ya gani cikin kwanciyar hankali yana ɗaukarsa a matsayin abin duniya na yau da kullum. Abin da bai gani ba kuwa yakan zama abin tsoro daga baya, kuma kare matsoraci ya fi kowane saurin cizo. Matsalar ita ce wannan lokacin ya zo daidai da sa'ad da allurarsa ba ta cika ba. Mafita a nan ki ɗauke shi a hannu ya ga titi da motoci da babura ba tare da ya taka ƙasa ba, baƙi maza da mata su ba shi ɗan abin taɓawa, ya ji kukan jariri da ƙarar inji. Ki riƙa taɓa kunnuwansa da ƙafafunsa da bakinsa a hankali kina ba shi lada, ranar da za a duba shi a asibiti za ki ga amfanin haka.

Wajen fitsari da kashi, ki fita da shi wuri guda da zarar ya farka, bayan ya ci, bayan wasa, kuma duk awa 2 a farko. In ya yi a wurin ki yaba masa nan take. In ya yi a ɗaki ki goge ki yi shiru. Cusa masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai ɓuya a bayan kujera in zai yi. Tsakanin wata 3 da 7 yana zubar da haƙoran nono 28, na manya 42 su fito, dasashinsa na ƙaiƙayi, zai tauna duk abin da ya samu. Ku ɗauke takalma da wayoyin caji, ku ba shi abin taunawa nasa. In ya kama hannun yaro, wasa ya tsaya nan take, kamar yadda 'yan'uwansa suke masa. Yana kuma bukatar barci har awa 18 a rana, kwikwiyon da yara suka hana barci yakan zama mai cizo kamar yadda yaro ke rigima in ya gaji. Ɗaure kare da sarƙa dare da rana kuwa ba na goyon bayansa ko kaɗan, don wanda ba shi da hanyar gudu haƙori kawai ya rage masa.

Abinci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan safe da yamma, da ruwa mai tsabta a kowane lokaci. Abincin karnuka na kamfani wanda aka yi don 'yan kwikwiyo ya fi sauƙin daidaitawa. In dafawa za ki yi, likita ya tsara miki, don hatsi zalla ko nama zalla na lanƙwasa ƙashin mai tasowa. A gida mai yara haɗarin yana hannunsu ne, suna miƙa masa abin da suke ci: cakulan, inibi da zabibi, albasa da tafarnuwa, cingam marar sukari, duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi na tsagewa ya huda hanji. Kada a ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane, maganin ɓera kuma a ɗauke shi daga ƙasa gaba ɗaya. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, don haka inuwa dole ce, kuma ba a barinsa cikin mota a rufe. In mace ce, za ta fara neman namiji tsakanin wata 6 da 12, kusan sau 2 a shekara, cikinta kwana 63 ne. Ku yi maganar aikin hana haihuwa da likita tun kafin karnukan waje su fara taruwa a ƙofa.

Duk wannan bayani ne daga nesa, ban ga kwikwiyon ba, ban ga uwarsa ba, ban ga faɗin gidanki ba, kuma cututtukan da suka fi yawa da dokokin mallakar kare sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Likitan da zai ɗora shi kan tebur ya auna shi ne zai tsara miki ranakun allura da adadin magani daidai nauyinsa. Ki kai shi cikin kwana 2 ko 3 da ɗaukowa, ko da lafiyarsa lau, ki riƙe shi a hannu a ɗakin jira kada ya taka ƙasa. Ki tafi da babban yaron ya ji bayanin da kunnensa, ki kuma tambayi mai karyar ranar haihuwarsu da duk maganin da aka riga aka ba su, ki rubuta a takarda kafin ki fito.